Masu Yi wa Vespar Marigayi Kuɗi

A rabon gado, gida da gona ba su cika ɗaure wa kowa kai ba. Akwai dillalan filaye, akwai maƙwabcin da ya sayar da nasa bara, sai a auna wannan da wancan a tsai da magana. Inda malamin rabo yakan ajiye biro ya gyara zama shi ne idan aka zo kan tsohuwar Vespa da ke jingine a soro, an lulluɓe ta da tabarma, tayoyi sun sace, kaza ta daɗe da mai da wurin ajiye ƙafa wajen saka ƙwai. Dole a yi mata kuɗi, domin ba a fitar wa matan mamaci tumuni daga abin da ba shi da lissafi, kuma ba yadda za a ba namiji kashi biyu mace kashi ɗaya na babur sai dai a ɗauko zarto. Sai a turo ta ƙofar gida. Kafin a gama kakkaɓe ƙura masana sun hallara, ba wanda ya aika a kira su.

Mu ɗauka ƙirar Sprint ce mai inji 150, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1965, marigayin kuma ya saye ta da kuɗin Udoji a 1975, lokacin da gwamnatin Gowon ta ƙara albashi har da ariyas, malaman makaranta da akawuna suka jingine kekuna suka hau babura.

Ɗan gwangwan ne yake riga kowa zuwa, sai ka ce a bayan katanga ya kwana. Bai damu da Italiya ba, bai taɓa jin sunan Udoji ba. Zai kama bayan babur ya ɗaga ya dire, ya ce ba za ta wuce kilo 90 ba, kuma yawanci bai yi nisa da gaskiya ba. A idonsa an riga an yi gunduwa-gunduwa da ita: jiki baƙin ƙarfe, inji alminiyon, 'yar jar wayar da ke cikin kwayil ita ma da nata farashin. Tayinsa yakan sa magada su harzuƙa, wani ma ya ce a kore shi. Ni kuwa ina ganin girmansa, don duk cikin taron shi kaɗai ne ya zo da kuɗinsa a aljihu.

Sai dattijo, aminin marigayi, wanda aka shimfiɗa wa darduma a inuwa. Shi ba ya kallon babur ɗin ma, titi yake kallo. Zai ba da labarin ranar da suka hau ta su biyu zuwa Zariya ɗaurin aure, da babbar riga da komai, ko tari ba ta yi ba. Zai tuna wa yara cewa a zamanin naira ta fi dala daraja, kuma wannan gaskiya ne, sai dai ba ya taimaka wa mai lissafi da komai. Idan aka matsa masa, "Baba, to a ganinka nawa za ta yi?" sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan ba ta da kuɗi." Magada su ji daɗi, ɗan gwangwan ma ya ji daɗi, kowa da yadda ya fassara maganar. A ce masa ko zai saya ya ajiye don tunawa da amininsa, sai ya shafa gwiwa ya ce ai ƙafar ba ta iya buga kik yanzu.

Tsohon ɗan acaɓa, wanda ya koma tuƙa Adaidaita tun da aka hana su aiki a Kano a 2013, tambayarsa ɗaya ce: lita nawa take sha? Da ya ji cewa sai an haɗa fetur da baƙin mai a tanki kafin ta tashi, ga shi tun cire tallafi a 2023 kowa lissafin lita yake yi, sai ya yi dariya ya ce ko kyauta aka ba shi sai an haɗa masa da kuɗin mai. Ya wuce abinsa.

Wanda ya cancanci a saurara shi ne tsohon bakaniken Vespa, irin waɗanda suka yi ƙaranci a gari, masu rumfa ɗaya a lungu da gawarwakin babura uku a gaba. Shi ba ya gaggawa. Zai tsuguna ya cire murfin gefen dama inda injin yake, ya sa tsumma da ɗan kananzir ya goge har lamba ta fito. Idan ya ga lambar shasi ta fara da VLB1T, ta inji kuma da VLB1M, ya san Sprint ce ta gidan Piaggio kuma ba a sauya mata zuciya da ta wata ƙirar ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kamfanin Bajaj na Indiya ya fito da Chetak a 1972 a kan ƙirar Sprint ɗin nan, kuma daga nesa sai mai ido yake bambance su. Daga nan zai kwantar da ita ya leƙa ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa ya ƙwanƙwasa da sukundireba. Vespa ba ta da firam na bututu irin na sauran babura, jikin nata na fallen ƙarfe shi ne ƙashin bayanta, saboda haka in tsatsa ta cinye ƙasan, magana ta ƙare ko da fenti yana walƙiya. Zai buɗe tanki ya sansana, ya kwance fulogi ya duba bakinsa, ya taka kik a hankali da tafin hannu yana jin ko fistin na da sauran ƙarfi. Ya murɗa hannun hagu ya ƙirga giya huɗu. In ya ga dama ya zuba mai kaɗan, ya karkatar da ita gefe kamar yadda masu Vespa suka saba, ya buga. Idan ta amsa da shuɗin hayaƙi, yaran unguwa su kaure da ihu, farashi ya tashi a zuciyar kowa.

Aibin bakanike ɗaya ne: ba ya faɗin kuɗi. Tambaye shi sau goma, amsarsa "Alhaji, ai ya danganta." Kuma akwai dalilin shirun. Shekara da shekaru shi yake gyara wa marigayi babur ɗin, ya san kafireton da ke ciki na Indiya ne, ya san fitilar gaba daga Ƙofar Ruwa aka samo ta, ya kuma san inda na asalin suka tafi, don wataƙila suna cikin akwatin da ke rumfarsa.

Ana cikin haka jika zai kutso da waya a hannu, numfashi sama-sama. Ya bincika intanet, ya gano an sayar da wani tsohon babur dala 929,000. Ba ƙarya ya yi ba. Vincent Black Lightning ne ƙirar 1951, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a Las Vegas a watan Janairun 2018. Abin da jikan bai tsaya karantawa ba shi ne irin wannan babur talatin da 'yan kai aka taɓa ƙerawa a Ingila, kuma wannan ɗin shi ne Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostireliya a 1953, ga tarihin hannayen da ya bi a rubuce. Ƙarancin abu, da labarin da ke bayansa, da kasancewarsa yadda aka ƙera shi, su ne suke jawo irin wannan kuɗi. Vespa kuwa tun 1946 ake buga ta, miliyoyi aka yi, tsufa kaɗai bai isa ya mai da ita gwal ba. Amma wa zai gaya wa jika? Ya riga ya buga lissafi da canjin Wapa na safiyar ranar, ya raba wa kowa kasonsa a ka, ya zaɓi kalar motar da zai saya. Ko da aka lallashe shi ya nemo farashin Sprint ɗin kanta a Turai, ba zai cire kuɗin jirgi da na takardu da na kwastan ba, kuma ba zai lura cewa abin da mai kaya ya rubuta yana nema daban, abin da aka biya daban. Daga wannan rana duk wanda ya taya ƙasa da miliyoyi ɓarawo ne a wurinsa.

Akwai kuma mai son alheri, wanda ya fi kowa haɗari. Shi shawararsa a kai ta wurin mai fenti a fesa mata ja mai ƙyalli, a sa mata fitila mai walƙiya da sabon kushin mai geza, a cire tsohuwar alamar kamfani a liƙa sitika, "sai ta fi kuɗi." Masu tara tsofaffin babura kuwa koɗaɗɗen fentin asali suke nema, har da ƙujewar da mabuɗi ya yi a jiki. Mutumin nan da zuciya ɗaya zai kashe kuɗin marayu ya rage wa kayansu daraja, ya dawo yana jiran godiya.

Babban ɗa, mazaunin Abuja, ta waya yake halarta. "Kada a kuskura a sayar da babur ɗin Baba, abin tarihi ne." To madalla, sai malam ya ce a sa masa ita a cikin kasonsa. Nan take layin ya fara katsewa.

Dillali ba a ganin zuwansa, sai dai a waiga a gan shi yana shafa kan babur kamar tare suka girma. Wurin magada zai rantse cewa ƙarfe ne kawai, in ba don zumunci ba ba zai ɓata lokacinsa ba. Ya zagaya bayan gida ya kira wani a waya ya ce ya samo abin da babu irinsa daga nan har Legas, hannu ɗaya, mai shi malamin makaranta ne, masallaci kawai yake zuwa da ita. Mutumin da ya kira ɗin in ya zo za ka gane shi, don shi kaɗai ne yake yin kamar bai ga babur ɗin ba. Zai tambayi kuɗin tsohuwar rediyo, ya yaba ƙofar gida, sai zai tafi ya ce, "Af, wannan kuma fa?" Amma idonsa ya riga ya je kan lambar da bakanike ya goge, ya dawo. In ya taya aka ce albarka, ba ya fushi, sai ya tambaya ko akwai takardu.

Takardu kuwa suna wurin wadda ba a tambaya ba tun safe. Uwargida, daga bayan labule, ta aiko yarinya da wata tsohuwar jakar leda da ta ciro daga ƙasan adaka: rasiɗin saye, da fatikula, da ɗan littafin kamfani da ya yi ja don tsufa, har da mabuɗi na biyu ɗaure da zare. Abin da ke cikin ledar nan ya ƙara wa babur ɗin daraja fiye da duk surutun da aka yi a waje, baƙon ma sai da ya kasa ɓoye rawar hannunsa. Aka aika a tambaye ta ko tana da ta cewa. Ta ce a gaya wa malam a sayar ko nawa ne, ita ba ta taɓa ɗaukar Vespar nan komai ba sai kishiya: kullum da asuba ita ake fara wankewa, kuma a kanta aka je neman auren amarya.

Malam ya duba rana, ya ga azahar ta gabato, takardarsa har yanzu da gurbi. Ya ce tunda an kasa tsai da magana, a bari ya tuna wa jama'a ƙa'ida: ba a raba gado sai an biya bashi, saboda haka in akwai mai bin marigayi wani abu ya faɗa yanzu. Bakanike, wanda tun hantsi aka kasa ciro lamba ɗaya daga bakinsa, ya goge hannu da tsumma, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah gafarta malam, akwai kuɗin kafireto."