Masu Neman Rata a Fagen Sukuwa

Shekara bakwai ke nan, duk bayan Sallah, idan samarin Runka da na ƙauyukan da ke tsakaninmu da Batsari suka fito da dawakansu fage, ni ake danƙa wa littafi da agogo, domin dattawa sun yi ittifaƙi a kan cewa malamin makarantar da ko jaki bai ɗaure a turke ba, da wuya son zuciya ya rinjaye shi. Aikin a baki ba shi da wuya: a raba dawaki aji-aji, na gida daban, 'yan Sudan daban, sa'an nan a ƙaddara ratar da mai ƙarfi zai ba mai rauni. Dawakin dai ba su taɓa yi mini gardama ba. Masu su ne Allah ya jarrabe ni da su.

Shugabansu, wanda na fi jin daɗin zuwansa ko da yake shi ya fi wahalshe ni, shi ne mai ƙasƙantar da dokinsa. Za ka hango shi tun daga nesa yana jaye da ingarma akawal wanda sai an yi ɗage ake ɗora masa sirdi, amma ya bar shi kwana uku ba wanka, ya shafe shi da ƙura, ya sa masa tsohuwar ragama mai ƙulli huɗu, shi kansa kuma ya sunkuyar da kai kamar mai zuwa ta'aziyya. Ya durƙusa, ya gaishe ni gaisuwar da ban samu ba ko ranar ɗaurin aurena, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ba doki ba ne, amana ce. Jiya ko harawa bai taɓa ba, ga ɗingishi a ƙafar baya, na dai kawo shi ne ya sha iska." In na ce a buɗe bakinsa mu duba haƙori, sai ya ce yana cizo, in na ce a zagaya da shi mu ga ɗingishin, sai ya ce ai sai ya yi gudu yake tashi, in na tambayi asalinsa, sai ya rantse cewa a bayan gidansu aka haife shi, alhali kowa ya ga ranar da aka sauko da shi daga mota. Da na gaji na rubuta shi cikin na gida, aka saki linzami, sai marar lafiyan nan ya bar 'yan'uwansa suna shaƙar ƙura. Kafin la'asar kuwa ga mutumin a tsakiyar taro, ya manta da rantsuwarsa sarai, yana lissafa wa jama'a nasabar dokin har kaka na uku da kuɗin da ya biya.

Kishiyarsa mai ƙuru ne, wanda yake ganin rata cin mutunci ce, sai an sa shi cikin manya, ya iso bayan an fara naɗe tabarmi. Akwai mai agogon kansa, wanda kullum nasa yake saɓa wa nawa da daƙiƙa guda, kullum kuma ta wajen da za ta amfane shi. Akwai tsohon da ba ya kallon tsere, sai dai ya ba ka labarin Sarki Dikko da ya kafa wasan folo a Katsina, da ɗansa Usman Nagogo da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya bayyana maka cewa a folo mahayi ake yi wa daraja, mafi girma goma, ƙungiyar da jimlarta ta gaza kuma a ba ta ƙwallaye tun ba a fara ba. Gaskiya ya faɗa, illa dai yana faɗarta ne daidai lokacin da nake ƙidayar taki, abin da ya sa wata shekara goɗiyar surukina ta sami taki goma fiye da haƙƙinta, kuskuren da har yau ban sami sukunin gyarawa ba.

Bara kuma ɗan ƙanena ya dawo daga jami'a da kwamfuta, ya ce, "Kawu, zamanin taki ya wuce." Ya ce a tseren motoci na Le Mans a Faransa, wanda ake yi tun 1923, ana kwana ana wuni ana gudu, motoci aji daban-daban a hanya guda, na'ura ce ke ware kowace da ajinta, mu ma sai a saki dawaki gaba ɗaya, a ninka lokacin kowanne da adadin da ya dace da shi. Ya ninka, ya raba, hisabi ya fito cewa ƙurun nan da ya zo ƙarshe shi ya ci. Allah ya rufa asiri caji ya ƙare kafin jama'a su fahimta.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne wanda ya ji cewa a Ingila dalma ake ƙara wa doki mai ƙarfi a sirdi, ya gane nauyi yana rage gudu, sai ya nemo yaron da bai kai shekara goma ba, ɗan wani ba nasa ba, ya ɗora shi a kan ingarma ba sirdi ba likkafa, ya miƙa masa bulala. Na ga irin yaron nan ya faɗo a kwana, na ɗauke shi da hannuna, kafaɗarsa ta goce, mai dokin kuwa ya wuce mu a guje yana tambaya ko dokinsa ya ji ciwo. Wannan zalunci ne, ba dabara ba.

Saboda haka mai irin wannan niyya ya ji tun yanzu: bana sai na ga mahayi tsaye a gabana, na ji daga bakin mahaifinsa, kafin in rubuta sunan doki a littafi.