Wai Me Nas Take Saurare a Dantsenka?

Na ji ku, 'yan gardamar majalisa. Wai zuciya tana ƙirji, amma nas ta ɗaure muku dantse, ta toshe kunnuwanta, tana ta matsa 'yar roba. Kun ce burga ce kawai, ba abin da take ji. To, Alhaji, ajiye goron nan tukuna, don dama ana so ka rabu da shi rabin awa kafin awon hawan jini.

Iskar da take bugawa cikin maɗaurin tana matse babbar jijiyar dantse har jini ya daina wucewa. Sai ta riƙa sakinta a hankali, maki 2 zuwa 3 duk daƙiƙa, idonta na kan agogon awo. Da jini ya samu 'yar kafa ya fara kutsawa, sai ta ji ƙwanƙwasa ta abin sauraron da ke kunnenta, tak, tak. Lambar da tsinken agogo ya nuna a lokacin ita ce ta sama. Inda sautin ya ɗauke, ta ƙasa ke nan. Daga nan 120 bisa 80 ta fito, ba daga bugun ƙasa ba.

Kai kuma ɗan boko mai cewa tsohon yayi ne, gaskiyarka. Likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da maɗaurin a 1896, sannan likitan sojan Rasha, Korotkoff, ya gano sautin a 1905. Amma na'urarka mai batir ƙiyasi take yi daga motsin jijiya, in kuwa bugun zuciya ba ya tafiya daidai, tana iya rikicewa. A ranar, sai ka ga an ɗauko tsohon yayin.

Laifin da kuke ɗora wa nas ma, wani naku ne. Hajiya, ki zauna ki huta minti 5, ƙafa a ƙasa, hannu daidai saitin zuciya, labarin biki ya jira a gama. Mai kaurin dantse ya nemi babban maɗauri, don ƙarami yana ƙara lamba.

Saura Baba, mai cewa shi a ƙeya yake jin nasa. Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma hawan jini sau da yawa ba ya sallama. In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, magana ta koma wurin likita. Naɗe hannun riga ka miƙa dantse, ma ci gaba da gardamar bayan an karanta lamba.