Ku da Kuka San Irin Albasa, Ku Ne Za Ku Musa Mini Irin Ciwo?

Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela ta cika ta batse, ni kuma tsautsayi ya sa na buɗe baki a teburin mai shayi daura da kara. Abin da na faɗa bai taka kara ya karya ba. Cewa na yi mutum biyu na iya kamuwa da sankarar ɓargo, sunan ciwonsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, maganinsu ɗaya, amma wannan ya shekara goma yana cin kasuwa, wancan ko biyu bai cika ba, kuma likita kan iya hango wannan rata tun farko in ya leƙa ƙwayoyin halittar ciwon. Wani dattijon dillali ya ajiye kofi, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Ɗan boko, mi kac ce? Likita ya koma ɗan duba ke nan?" Aka bushe da dariya, har da mai shayin da ban biya ba tukuna.

Tunda a can ba ku bar ni na kai aya ba, ga ni na biyo ku da alƙalami. Ni Bakatsine ne, Gobirawan cikinku sun san fushi da ni ɓata lokaci ne. Adarawa kuma su gyara zama, ba a ware su ba.

Alhaji dillali, da kai zan fara. Kai ne fa ke hango saniya tun tana cikin ƙura ka ce wannan Bokolo ce, waccan Rahaji, ta bayan can Azawak ce daga arewa ta gangaro, har ka faɗi wadda za ta jure tafiya Legas da wadda za ta kwanta a hanya. Maƙwabcinka manomin Kalmalo yana riƙe albasa a tafin hannu ya ce wannan irin Galmi ce, za ta yi watanni a rudu, waccan kuwa a sayar yau kafin ta ruɓe. Ba wanda ya taɓa kiranku 'yan duba. Iri kuka sani. Sai da aka zo kan ciwo kuka ce duk ɗaya ne.

Ciwon da nake magana likitoci na ce masa mayeloma. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu ƙera makaman garkuwar jiki. Ɗaya daga cikinsu ce ke kangarewa, ta yi ta hayayyafa ba birki, 'ya'yanta su cinye wuri, su zagwanye ƙashi, su cika jini da wani furotin mara amfani da ke toshe ƙoda. Mutum sai ya ga baya ya ƙi daɗi, jini ya yi ƙasa, zazzaɓi na kai da kawo, wani lokaci ƙashi ya karye ba faɗuwa ba haɗari. Yawanci waɗanda suka haura hamsin yake kamawa.

Kada ku ce sabon ƙirƙira ne. A 1845 wani ɗan kasuwa kamarku a Landan ya kwanta da ciwon ƙashi mai tsanani. Kun san abin da likitocin Ingila suka yi masa? Ƙaho suka kafa masa, suka zubar masa da jini, suka manna masa matsattsaku. Wanzaminku bai fi su laifi ba. Mutumin ya rasu farkon 1846, amma an kai fitsarinsa wurin wani likita mai suna Henry Bence Jones, ya gano baƙon furotin a ciki, kuma har gobe da sunansa ake kiran furotin ɗin. Su sun ajiye ƙahon tuntuni. Mu ne muke riƙe da namu.

Yanzu ga inda na san za ku fahimce ni fiye da mutanen birni, domin magana ce ta iyaka. A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai ɗauri 46 na saƙon halitta, biyu-biyu har 23, ana ce musu kuromosom, kowanne da lambarsa da kayansa. A mayeloma, kaya kan tsallaka iyaka ba takarda. Kuromosom na 14 shi ne babbar tashar wannan ƙwaya, nan ake aiki dare da rana. Duk guntun da ya yi fasa-ƙwauri ya sauka a gefen tashar, sai a riƙa tuƙa shi ba hutu. In guntun daga na 4 ya fito, ko na 16, ciwon kan yi zafin nama, ya lafa da magani ya dawo da wuri. In daga na 11 ne, da sauƙi-sauƙi. Kusan rabin majinyata kuma ba fasa-ƙwauri ne matsalarsu ba, ƙarin kuromosom ciwon nasu ya tara, kuma abin mamaki su ne suka fi jin magani. Mafi muni shi ne a wayi gari wani yanki na kuromosom na 17 ya ɓace, domin can ne mazaunin TP53, mai gadin da ke tsare lalatacciyar ƙwaya ya hana ta wucewa. Ku da kuka ga an garƙame iyakar nan daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake garƙame ta a 2023, ba sai na gaya muku abin da ke bi ta daji in ido ya ɗauke ba.

Na ji wani daga bayan benci yana cewa, "Rai dai na Allah ne." Malam, ban musa ba, kuma ba likitan kirki da zai yanka wa mutum ranar tafiya. Amma duk zamana a kara ban ga wanda ya saki raƙuminsa ba dabaibayi ya tafi salla ba. Lissafi ake yi a kan jama'a. A 2015 masana cutar daga ƙasashe da dama sun haɗa bayanan majinyata sama da dubu uku, suka kasa su uku bisa gwajin jini da waɗannan sauye-sauye. Bayan shekara biyar, 82 cikin ɗari na rukunin farko suna raye, 62 na na biyu, 40 na na uku. Amfanin sanin rukuni shi ne zaɓen makami. Allurar bortezomib, wadda aka amince da ita a Amurka a 2003, ta rage wa masu musanyar 4 da 14 kaifin ciwonsu sosai. Akwai kuma venetoclax: da aka gwada shi a kan kowa da kowa, a 2019 aka ga mutuwa ta fi yawa a ɓangaren masu shansa, har hukuma ta taka birki, amma masu musanyar 11 da 14 su ne ya fi yi wa aiki. Magani ɗaya ke nan, ya zama alheri ga wani, sharri ga wani, kuma fuskar mutum ba ta nuna wanne ne shi.

Hajiya, na ga kin kama haɓa. Kina tunanin wani gwajin aure ne zan ƙaro miki bayan na sikila. Kwantar da hankalinki. AS da SS daga uwa da uba ake kwaso su, suna cikin jiki tun mutum yana cikin uwarsa. Waɗannan tsallake-tsallaken kuwa a cikin ƙwayar ciwon kaɗai suke, bayan an girma suke faruwa, ba a ba wa ɗa gadonsu. Gaskiya ne ɗan'uwa na jini ga mai mayeloma ya ɗan fi bare haɗarin kamuwa, amma ciwon ba gama-gari ba ne, ba abin fasa baiko ba ne. A kawo lefe.

Sai gwanin musu, mai cewa wanga ciwon Turawa ne, mu da ke shan fura ina ruwanmu. Kai ne ka fi ba ni dariya. A Amurka, baƙar fata sun ninka farare kamuwa da shi. Aka ce ko abincin can ne? Sai a 2007 aka fitar da binciken maza 917 a Akara ta ƙasar Gana, 'yan shekara 50 zuwa 74. Kusan shida cikin ɗari na ɗauke da matakin share fage na ciwon a jininsu ba su sani ba, ninkin abin da aka samu a fararen jihar Minesota. Wannan mataki ba ciwo ba ne tukuna, kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne a shekara yake rikiɗe masa. Amma ka ga ashe kayan gidanmu ne. Rashin gwaji ya sa muke laƙaba masa sanyi, ko amosanin ƙashi, ko jifa.

Kafin ka juya ka ce to shi ke nan jininmu ne ya lalace, tsaya ka ji ragowar. Binciken asibitin Mayo na 2018 a kan mutum 881 ya nuna masu tushen Afirka sosai sun fi yawan musanyar 11 da 14 da wasu danginta, wasu nazarce-nazarcen kuma sun ga ɓatan mai gadin nan na 17 bai cika yawa a cikinmu ba. A 2019 aka duba tsofaffin sojojin Amurka sama da dubu goma sha biyar masu mayeloma, waɗanda tsarin asibitoci ɗaya ke duba su ba bambancin aljihu. Baƙaƙen da ba su kai 65 ba sun fi fararen daɗewa. In aka ba mu abin da aka ba su, ba a bar mu a baya ba.

Akwai ma wani gadon da kusan duk wanda ke zaune a teburin nan yake da shi, ana ce masa rashin Duffy. Yana kare mu daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, yana kuma sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jini ya fito ƙasa a takardar gwaji alhali mutum garau yake. Likitan da ke auna mu da mudun Turai sai ya tsorata ya rage maganin da bai kamata a rage ba, musamman irin lenalidomide da dama yake rage waɗannan ƙwayoyi. Kun san abin da ke faruwa in aka auna gero da tiyar wani gari.

Gwajin da ke gano tsallaken kuromosom sunansa FISH, kuma a'a, ba kifin tafki ba ne, kada wani ya zo da kwando. Daga ɗan ɓargon da aka zuƙo a ƙashin ƙugu ake yinsa. Ba kowane asibiti ke da shi ba, yana da tsada, magungunan ma ba na ƙaramin aljihu ba ne. Wannan ban ɓoye muku ba. Sai dai yawancin namu ko ƙofar wannan magana ba sa kaiwa. Wata shida ana ƙaho, wata uku wurin mai ɗori, kullum ana haɗiyar diclofenac daga kemis, shi kuwa yana ƙarasa ƙodar da ciwon ya fara ci. Ranar da za a ɗauko mutum a bi da shi ta Gwadabawa da Kware zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko a tsallaka Ƙonni a nufi asibitin Galmi, ƙafafu sun riga sun daina ɗaukarsa. Alhali awon yawan jini, da na ƙoda, da na furotin, da hoton ƙashi sun isa su tayar da zargi tun yana zuwa kara da ƙafarsa.

Alhaji dillali, na lura da za ka miƙe ranar nan sai da ka dafe ƙugu ka ce wash. Ban ce komai ba fa, kokawa da bijimi ma na sa haka. Amma in ya wuce wata biyu, yana tashinka cikin dare, ga kasala, ga tafin hannu ya yi fari, motar Sakkwato na nan tasha tana lodi. Kuɗin shayin kuma mai shayi ya ce a kanka ya rubuta, tunda kai ka kore ni ban shanye ba.