Daga Teku Zuwa Teku da Yara Uku a Mota

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Labari ya iso mini cewa kana yaɗawa a majalisa wai mu 'yan Amurka mun zama ragwaye, jirgi kawai muke hawa. To gyara zama ka sha labari.

Da hutun makarantar bana muka kwashi yara a mota daga New Jersey zuwa Kalifoniya, bikin ƙanin uwargida. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ana ce mata I-80, ta tashi daga Teaneck ba ta tsaya ba sai San Francisco, kimanin kilomita 4,670. Kai da ka je Legas sau ɗaya ka yi wata guda ana gasa maka baya, wannan ta ninka Kano zuwa Legas sau huɗu da ɗoriya.

Ko jiharmu ba mu fita ba Auta ta ce, "Baba, mun kusa?" A nan doka ba ta yarda a ɗora yaro a cinya ba, ƙaramin yaro da kujerarsa, kowa a ɗaure da bel. Sai Babban Yaya da mai bi masa suka shata iyaka a kujerar baya, duk wanda gwiwarsa ta tsallaka an shigar da ƙara. Uwargida ce alƙali, kuma hukuncinta ɗaya ne: ta toshe bakin mai ƙara da wanda ake ƙara da cincin.

Allah ya yi mata albarka da ta yi guzurin dambun nama da dafaffen ƙwai, domin titin nan sumul yake amma babu mutane. Sai ka yi awa uku kana gudu ba mai gyaɗa, ba mai rake, ba wanda zai leƙo taga ya ce "a kawo ruwa?" Wallahi na yi kewar hayaniyar tasha. A Walcott ta jihar Iowa, bayan mun haye kogin Misisifi, muka tsaya a Iowa 80, wadda masu ita ke cewa babu tashar manyan motoci da ta kai ta girma a duniya. Akwai mai aski a ciki, har da likitan haƙori. Da kai ne da ka kama ɗaki ka tare. Daga nan muka ɗan ratse zuwa Cedar Rapids, na nuna wa yara wani ƙaramin farin masallaci da baƙi daga Siriya da Labanan suka gina a 1934. Babban Yaya ya daɗe yana kallonsa, ya ce ashe tun kafin a haifi Kaka ana sallah a nan.

Nebraska kuwa masara ce iya ganinka, kilomita fiye da 700, sai garken shanu jingim a bayan waya. Auta ta duba hagu ta duba dama ta ce, "Baba, ina mai shanun? Ya tafi sallah?"

Abin da na fi so in ba ka labari ya faru ne a Wyoming. Iska na kaɗa mota, sabis ya ɗauke, wayoyin yara suka zama marasa amfani, rigima ta tashi gadan-gadan. Na ce uwargida ta yi musu tatsuniya. Ta ce haba Malam, da rana tsaka? Ai mutum ɓata yake yi. Na ce hanya ɗaya ce ba kwana, ta ina za mu ɓata? Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Sai da muka koya musu amsawa, suka ce "ta zo mu ji ta" da irin harshensu na 'yan makarantar nan. Gizo da Ƙoƙi suka raka mu har Utah. Yaran da kullum sai na yi da gaske suke mayar mini da Hausa, ga su suna gardama da ita a kan ko Gizo ya kyauta. Mai bi wa Yaya ta ce Gizo ya yi kama da Kawun da Baba ke yawan ba da labarinsa, mai zuwa daidai lokacin tuwo. Ban ambaci suna ba, amma ka san kanka.

Sallah kasaru muka riƙa yi a kan ciyawar wuraren hutawa, muna fuskantar arewa maso gabas. Agogo kuma sau uku yana ja da baya da awa guda, Auta ta ce lallai a ƙara mata abincin rana tunda ranar ta ƙaru. A filin gishiri na Bonneville ta ga ƙasa fari fat, ta ruga da gudu wai ƙanƙara ce, ta lasa, ta dawo tana tofarwa tana neman ruwa.

Mun isa lafiya, an sha biki. Yanzu yara sun ƙi barin kowa ya yi barci sai an yi tatsuniya, kuma namu sun ƙare. Don Allah ka zauna da Gwaggo ka ɗauko mana muryarta a waya ka turo ta WhatsApp, ko guda biyar ne. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da na bana, na ga kana ƙoƙarin mantawa.

Naka,
Ubangidanka na Amurka