Shaƙuwa da Masu Maganinta

Shaƙuwa tana faruwa ne sa'ad da shimfiɗaɗɗen naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda aikinsa jawo iska zuwa huhu, ya zabura ba tare da izinin mai shi ba, sai ƙofar maƙogwaro ta rufe kafin iskar ta wuce, kuma wannan rufewa ce ke fitar da sautin nan mai zubar da girman dattijo a gaban surukansa. Abubuwan da suka fi tayar da ita su ne cin abinci da garaje, da yawan yaji, da lemon kwalba, domin suna kumbura tumbi ko su tsokani jijiyoyin da ke kai wa naman saƙo.

Yawanci takan lafa da kanta cikin 'yan mintoci, sai dai ba a cika ba ta wannan dama ba, saboda duk wanda ke wurin yakan zama likita nan take. Abin da ya sami wani wakilin ango ya isa hujja. Ya ci tsire a tsaye, ya kora da lemo mai sanyi, ya zauna gaban liman, da waliyyin amarya ya ce ya bayar, sai shaƙuwa ta shiga tsakanin "na" da "karɓa", har shaidu suka fara shakkar ko dangin ango sun sake shawara ne.

Aka fara sa shi riƙe numfashi, dabarar da ke da tushe, domin iskar da jiki ke son fitarwa idan ta taru a jini takan kwantar da zaburar. Shi dai idanunsa kawai suka yi ja. Aka ɗura masa ruwa, aka bi da cokalin sukari, wanda likita Edgar Engleman ya ba da rahoto a 1971 cewa ya yi wa mutum 19 cikin 20 aiki, wakilin kuwa ya zaɓi zama na ashirin ɗin. Wani tsoho ma ya nemi a manna masa zare a goshi yadda ake yi wa jarirai, rawani ne ya hana.

Daga nan aka koma ga razanarwa, wato a jefa wa mutum labarin da zai ɗauke masa numfashi. Ƙanensa ya raɗa masa cewa, "Yaya, an fa yanke maka aljihu, kuɗin sadaki sun tafi." Shaƙuwa ta tsaya cak, wakili ya miƙe ya cafke wuyan rigar na kusa da shi, wanda ya kasance kawun amarya ne, kuma sai da aka ɗauki lokaci ana ba da baki kafin a koma batun aure, inda ita ma shaƙuwar ta dawo aka ƙarasa da ita.

Shaƙuwar da ta wuce awa 48 kuwa ta fi ƙarfin sukari, asibiti take buƙata, domin takan zama alamar ciwon ƙoda ko na ƙwaƙwalwa. Mafi daɗewa da aka rubuta ita ce ta Charles Osborne, manomi a jihar Iowa ta Amurka, wadda ta kama shi a 1922 yana ƙoƙarin auna alade, ba ta sake shi ba sai 1990, shekara 68 ke nan, amma hakan bai hana shi yin aure sau biyu da haihuwar 'ya'ya 8 ba.