Masu Kashe Giya Iri-Iri a Hanyar Kankiya

Duk mai bin titin Kano zuwa Katsina ya san garejojin bakin hanya tsakanin Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya: inuwar bedi, ƙasa baƙa wuluk da mai, ga mota an ɗage gabanta a kan bulo. Nan motocin garuruwan Kusada da Kankiya, irin su Dudunni, suke yada zango idan giya ta ƙi shiga. Kanikawa sun sha faɗa cewa giyabos ba ya mutuwar Allah da Annabi, kusan kullum da hannun wani a ciki. Masu hannun kuwa kowa da salonsa.

Na farko shi ne Malam Mai-duk-mai-ne. A wurinsa, muddin abu ja ne kuma yana da santsi, to man giya ne. Ba ruwansa da cewa tun 1967 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da nasa mai suna Dexron, ko cewa Toyota na da T-IV da WS, Honda kuma ta bar Z1 ta koma DW-1. A giya atomatik man nan ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi yake sanyaya ta, kuma da matsinsa ake sauya giya. Yawancin Corolla 'yar Amurka daga ƙirar 2014 da giyar CVT take zuwa, mai aiki da bel na ƙarfe, ita ma da manta na daban. Bakanike ya yi masa wannan bayani kaf, sai ya ce, "Oga, ba ni dai na arahar, ai mota ba ta iya karatu ba." Bayan 'yan watanni da igiya ake jawo ta.

Sai Sarkin Firi, wanda ya hau gadon sarauta ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Ko gangarar da akuya ba za ta lura da ita ba ya gani, sai ya zare giya. Idan ya so burge fasinja har makulli yake murɗewa. Abin dariyar shi ne, motocin zamani masu injekta da kansu suke tsayar da fetur idan an ɗaga ƙafa daga totur alhali mota na cikin giya, amma a firi inji shan mansa yake. Kashe injin kuwa ya fi muni: famfon man giyar atomatik da inji yake juyawa, birki da sitiyari su ma sai su yi tauri. Fetur cikin cokali ya tsira, giyabos ya tafi.

Ɗan Lodi ba ya son atomatik ko a kyauta. Golf ɗinsa ce rumbu, ita ce kuma makiyaya. Ranar kasuwa buhunan gero da wake a but, tumaki biyu a kan buhuna, fasinja huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokaci har da ɗaya raɓe da direba, sandar giya tana tsakanin gwiwoyin bawan Allah. A cikin yashin hanyar ƙauye da giya ta biyu yake tashi, ƙafa rabi a kan kuloci, har ƙauri ya cika motar. Fasinja ya ce, "Direba, wani abu na ƙonewa," shi kuma ya amsa, "Baba, shara ake ƙonawa a gonar can." Kuloci filet ɗinsa ba ya ganin damina biyu, kuma laifin kullum na kayan Chana ne.

Alhaji Sabon-shiga ya fi kowa ban tausayi. Shekara da shekaru yana tuƙa 504, irin wadda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, sai 'ya'ya suka haɗa kuɗi suka saya masa Camry. Ƙafarsa ta hagu har yau kuloci take nema, sai ta sami birki, Hajiya ta yi gaba da goshi. Ribas yake sawa mota ba ta gama tsayawa ba. Idan batir ya mutu, ya tara yaran unguwa su tura, su tura har bakin masallaci, ba a gaya masa cewa atomatik ba ta tashi da turi ba. Ko an gaya masa ma, cewa yake, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake tuƙi."

Akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma, Malam Sai-an-yi-albashi. Giya ta fara gurnani, ya ƙara sautin rediyo. Ta fara fizga, ya ce titi ne. Man da ya zo ja garau ya koma baƙi mai ƙauri, bai taɓa zaro geji ya duba ba. A motoci da yawa bututun sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi, idan ya fashe ruwa ya gauraya da mai, abin ya koma kamar kunun gyaɗa. Ranar da ya gani, tambayarsa ɗaya ce: ko za ta kai ƙarshen wata?

Kada a manta da 'yan benci, waɗanda ba su da ko keke amma sun san ciwon kowace mota tun daga ƙararta. Ɗaya ya ce a zuba man birki, ɗaya ya ce sammu ne, na uku ya ce Honda EOD daman haka giyarta take, a sayar kawai.

Shi ma bakanike yana da nasa kason. Akwai gwani mai jona kwamfuta ya gano cewa sensa ɗaya ce ko waya ta tsinke. Akwai kuma Oga A-sauke, wanda ko taya ce ta yi faci giyabos zai fara harara. Maganinsa ɗaya ne: a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar Turai. Mai shago zai rantse cewa wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, coci kaɗai take zuwa. Kwana uku ana ɗaurawa, yaran gareji sun yi baƙi har gira. Da aka gama, mai mota ya leƙa gwangwani ya ga noti huɗu sun yi saura. Oga ya goge hannu da tsumma, ya karɓi cikon kuɗinsa, ya ce, "Alhaji, kar ka damu, Turawa ne da son yawan noti."