Waƙafin da Ya Hana Rago Zuwa Suna

A majalisarmu ta bakin titin Kano zuwa Katsina, nan Kankiya, ni ne Baturen unguwa. Duk wanda aka aiko wa takardar banki ko sammacin kotu wurina yake kawowa, in gyara zaman tabarau, in karanta masa da irin muryar masu labarun rediyo. Don haka da amaryar kawuna ta haihu a gidansa na Kusada, ba a yi shawara ba aka ɗora mini duk wani aiki mai haɗe da biro.

Kawu yana da shagon siminti a Kankiya. Mai riƙe masa lissafi wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Tun 1973 gwamnatin Gowon ta ƙirƙiro bautar ƙasa don 'yan Najeriya su fahimci juna, amma ni da kofan nan sai da Turanci muke fahimtar juna, shi ma da kyar. Ragon suna kuwa an sayo shi ran Lahadi a kasuwar Charanchi, an ɗaure shi bayan shago.

Ana gobe suna Kawu ya kira ni. "Ɗan nan, ka gaya wa yaron shago ya sallami direban da ya kawo siminti, mahauci kuma ya taho da ragon Kusada kafin asuba."

"An gama, Kawu," na ce.

Shagon ba shi da nisa, amma mai ilimi ba ya wahalar da ƙafa. Na ciro waya na rubuta: "Pay the driver and the butcher will bring the ram to Kusada." Na karanta, na ji daɗin kaina, na tura, na hau mota zuwa Kusada.

Da asuba ƙofar gida ta cika. An raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, an shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya har makwabta suka ji. Sai liman ya zaro wuƙa ya ce, "To, ina ragon?" Jama'a suka dubi Kawu, Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi wayata.

Kofa ya ɗauka cikin fara'a, ya ce ai ya biya su duka biyun tun jiya. Na ce su wa? Ya ce direba da mahauci mana, kamar yadda na rubuta. Ina tambayar rago sai na jiyo kukansa ta cikin wayar, lafiyarsa ƙalau, yana neman dusa.

Ashe ƙaramar waya ce da kofan, saƙon bai fito gaba ɗaya ba. Ya karanta har zuwa "butcher", ya ga magana ta cika, sai wani mai sayen siminti ya shigo. Ya biya direba, ya aika aka kira mahauci, ya tambaye shi nawa yake bi. Mahaucin nan tunda ya gaji fawa ba a taɓa yi masa wannan tambaya kafin aiki ba. Ya faɗi kuɗin fiɗa, ya ƙara na sabulu, ya karɓa, ya yi godiya, ya tafi gida ya kwanta.

A cikin gida kuwa zance ya riga ya canza launi. Dangin amarya sun fara habaici cewa akwai hannun uwargida a ɓatan rago. Kawu bai ce komai ba, ya dai nuna mini hanya da carbinsa. Haka na koma Kankiya, na hau acaɓa, ragon a tsakanina da ɗan acaɓar, ƙahonsa a haƙarƙarina. Duk ramin da muka faɗa sai ya tuna mini da kansa, kuma kafin mu isa ya yi wa farar shaddata abin da ya ga dama. Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Kusada, yara na biye da mu suna ihu.

Bayan an yanka, aka zauna shari'a a zaure. Na ɗora laifin kan wayar kofa. Sai ɗiyar Kawu, taubashiyata da ke ajin ƙarshe na sakandare, ta karɓi wayata ta duba. "Yaya, ina waƙafin?"

Ta ce jimlata harɗaɗɗiya ce, ganga biyu ce kowace tana iya tsayawa da ƙafarta: ɗaya umarni ga kofa, ɗaya aikin mahauci. Idan za a haɗa irinsu da mahaɗan nan bakwai, wato for, and, nor, but, or, yet da so, waƙafi yana zuwa kafin mahaɗin: "Pay the driver, and the butcher will bring the ram." Ta ce mu a Hausa ba mu da wannan matsala, don "da" sunaye take haɗawa, zance sabo kuma sai a kawo "kuma" ko "sai". Bature kuwa "and" ɗaya yake sa wa duka ayyukan biyu, shi ya sa yake dasa waƙafi kamar tudun rage gudu a titi, don mai karatu ya taka birki ya san wani mai aiki ne ke tafe.

Na ce ai ko a Amurka an yi haka. Direbobin kamfanin madara na Oakhurst a jihar Maine sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2017 saboda rashin waƙafi ɗaya a dokar aiki, aka sasanta a kan dala miliyan 5 a 2018. Ta ce wancan waƙafin jerin abubuwa ne, nawa daban ne, kuma su lauyoyi suka kama, ni rago ya kama. Zaure ya ɗauki dariya, har da liman.

Don in dawo da martabata na karɓi waya na rubuta, "The ram is here, the butcher is not." Ta ce yanzu kuma na ɗinke jimla biyu da waƙafi tsirara, sai na ƙara "but" ko na sa aya. Na sake: "He took the money, and went home." Ta ce a cire, tunda mai aikin ɗaya ne, kuma "went home" ba ta tsayawa ita kaɗai. Ta ƙara da cewa a insha'in WAEC na kalmomi 450 maki 10 aka ware wa ƙa'idojin rubutu, kowane kuskure rabin maki yake ci, don haka a zama ɗaya na zubar da maki ɗaya da rabi.

Kawu ya yanke hukunci: daga yau saƙon murya zan riƙa turawa, da Hausa, taubashiyata ta fassara wa kofa. Kuɗin mahauci kuma a kaina. Shi kuwa mahaucin, duk inda muka haɗu a kasuwar Kankiya sai ya rusuna, ya miƙo mini tsire kyauta, ya ce, "Malam, babu wani saƙon da za a rubuta wa kofa?"